Daga guga zuwa zane: yadda ake zama mai tsara suturar 'yan wasa

Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, rigarsa ta riga ta yi magana. Mai kallo na ganin kwalar da ta saki, ko takalmin da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda, ya fara gane ko wane ne wannan da ya shigo. Akwai wanda ya zauna ya yanke cewa kwalar za ta saki, takalmin kuma zai cinye. Shi ne mai tsara sutura, shugaban sashen da 'yan fim ke kira kostum.

Mutane da yawa na shigowa harkar da tunanin ɗinkin yayi ne, sai su sha mamaki. Mai ɗinkin yayi burinsa a ce, "Kai, wannan riga ta yi, a ina zan samu?" Mai kostum kuwa wata rana aikinsa shi ne ya nemo riga mara kyan gani, wadda ta yi wa mai ita yawa, domin mutumin da ke cikin labarin aro ya yi. Idan zuciyarka ba za ta iya jure ganin aikinka ya yi muni da gangan ba, gara ka sani tun yanzu.

Mataki na farko: koyi karanta labari da idon tufafi

Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ƙashin bayan sana'ar. Samu rubutaccen wasan kwaikwayo ko na fim, ka karanta shi sau ɗaya don jin daɗi. A karo na biyu ɗauki biro da takarda.

A ce labarin wata ma'aikaciyar banki ce. Fitowa ta 4 tana ofis da safe. Fitowa ta 9 ta tashi aiki, ruwan sama ya dake ta. Fitowa ta 10 mota ta buge ta. Fitowa ta 11 tana gadon asibiti. Fitowa ta 30 tana tuna safiyar ranar. Ɗan koyo zai rubuta "kayan ofis ɗaya, rigar asibiti ɗaya" ya ce ya gama. Gwani zai ga cewa 4 da 9 da 10 da 30 duk rana guda ce a cikin labari, amma rigar na da yanayi uku: busasshiya a goge, jiƙaƙƙiya, sai yagaggiya mai jini. Ba a ɗaukar fim a jere, don haka za a iya ɗaukar haɗarin ranar Litinin a ɗauki safiyar ofis bayan sati uku. Haɗarin ma ba sau ɗaya za a ɗauka ba, kuma mai yiwuwa wata ce za ta faɗi a madadin jarumar, jikinsu ba ɗaya ba, ga matashin kariya da za ta cusa a ƙarƙashi. Ashe riga ɗayan nan ta zama biyar ko shida, iri ɗaya sak. Saboda haka ba za ka zaɓi rigar da ita kaɗai ta rage a duniya ba, komai kyanta.

Ja jadawali: sunayen mutane a gefe, lambobin fitowa a sama, a kowane gida ka rubuta ranar labari, lambar sutura da yanayinta. Sannan ka yi wa kowane mutum tambayoyin da marubuci bai amsa ba. Wa ke saya masa kaya? Wa ke wanke su? Yaushe rabonsa da sabuwar riga? Me yake son mutane su ɗauke shi, kuma me yake ɓoyewa? Yi haka da labarai daban-daban har ya zame maka jiki.

Mataki na biyu: horar da hannu

Ana yawan tambaya ko dole ne sai an iya ɗinki. Akwai manyan masu tsarawa da ba su taka keke, gaskiya ne. Amma kai da za ka shiga ta ƙasa, ɗinki ne zai ba ka aikin farko, kuma shi zai hana ka zana abin da ba ya ɗinkuwa. Ka iya ɗinkin hannu mai tsabta, kalmasa, sa maɓalli da zif, rage ƙugu, ƙara tsawo. Ka iya awo. Ka fahimci yadda ake fitar da yanka a takarda, da yadda ake yafa yadi a jikin gunkin tela a dinga kama shi da fil har siffa ta fito. Kafin a taɓa yadi mai tsada, ana fara ɗinka gwaji da akoko, a saka wa ɗan wasa, a gyara da alli. Almakashi ba ya komawa baya.

Sanin yadi ma hannu ne ke koyon sa. Tara ƙyallaye: auduga, lilin, ulu, siliki, karan-miski, da na roba. Murza kowanne, jiƙa shi, goge shi, ɗaga shi a haske, ɗauke shi hoto da waya. A nan za ka ga abubuwan da kyamara ke yi. Yadi mai ƙananan ratsi kusa da kusa yana rawa a allo. Fari tas yana ƙona hoto, shi ya sa ake ɗan rage masa haske da rini mai laushi ko ruwan shayi. Yadi mai ƙarar ƙas-ƙas yana shiga ƙaramar makirufon da ake maƙala wa ɗan wasa a ƙirji, mai ɗaukar sauti ya yi ta harararka. Kore ba ya shiga inda za a ɗauki hoto a gaban koren bango, wanda daga baya ake cire shi da kwamfuta a sa wani hoto a madadinsa. A dandamali kuma jar fitila na iya mayar da koriyar riga kusan baƙa.

Sai tsufar da kaya, wanda a ganina shi ne sashen da ya fi nuna bambancin ƙwararre da ɗan koyo. Sabuwar riga a jikin wanda labari ya ce leburan gini ne ƙarya ce tsirara. Ana wanke ta sau da yawa, a goge gwiwar hannu da bakin aljihu da samfefa ko magogi, a sa duwatsu a aljihun a jiƙa a rataye don ya saki, a fesa rini a wuya da hammata. Kada ka watsa datti ko'ina. Tufa tana cinyewa ne inda jiki ke gogar ta, kuma hakan ya danganta da aikin mai ita: direba bayan rigarsa da mazaunin wandonsa, makaniki gwiwa da gefen cinya inda yake share hannu.

Zane kuwa, ba sai ka zama gwanin hoto ba. Abin da ake so shi ne tela ya duba ya san inda ɗinki ya bi, darakta ya duba ya ga mutum. Zana jiki irin na mutane, mai tumbi da gajere da tsoho, ka bar dogayen 'yan matan littafin yayi. Koyi manhajar zane ɗaya kamar Procreate ko Photoshop, ka kuma koyi Excel sosai. Za ka yi mamakin yawan lokacin da za ka ɓata a kansa.

Mataki na uku: bincike

Tufafi na da tarihi, kuma a cikin masu kallo ba a rasa wanda ya san shi. Keken ɗinki bai bazu ba sai daga shekarun 1850, don haka rigar da ake cewa ta 1800 ce bai kamata a ga layin keke a bayyane a jikinta ba. Rinin kimiyya na farko, wani launin shunayya, William Perkin ne ya gano shi a 1856. Zif bai zama ruwan dare a tufafi ba sai shekarun 1930. Gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da na Metropolitan a New York sun zuba hotunan dubban tufafi a intanet kyauta, da shekarunsu da irin yadinsu.

Sai dai a kula: abin da ya tsira ya kai gidan tarihi yawanci na masu hali ne, na talaka sakawa aka yi har ya ƙare. Mujallun yayi ma mafarki suke nunawa. Don sanin abin da mutane suka saka da gaske, nemi tsofaffin hotunan iyali, na ma'aikata, na kan titi. Za ka lura cewa a kowace shekara yawancin mutane suna sanye ne da kayan shekarun baya, dattijo ma na iya riƙe yankan samartakarsa har ya mutu. Idan labari ya shafi al'ummar da ba taka ba, ko kakin soja, ko tufafin ibada, hoto kaɗai bai isa ba. Nemi masu abin ka tambaye su yadda ake ɗaurawa da abin da ba a yi.

Mataki na huɗu: zaɓi ƙofar shiga

Babu takardar shaidar da doka ta ce sai da ita, kuma manyan sana'ar kowa da inda ya ɓullo. Edith Head, wadda ta ci Oscar (babbar kyautar fim ta Amurka) har sau takwas, fiye da kowace mace a tarihi, malamar Faransanci ce kafin ta samu aikin zane a kamfanin da ya zama Paramount a shekarun 1920. Ita da bakinta ta ce zanen abokan karatunta ta ara ta kai wurin neman aikin (kada ka gwada, yanzu minti biyar ya isa a gano ka). Bhanu Athaiya, wadda a 1983 ta zama mutum na farko daga Indiya da ya ci Oscar, zanen kayan mata take yi wa mujallu. Eiko Ishioka ta Japan daga zanen talla ta fito. Ruth Carter ta Amurka ta karanta wasan kwaikwayo a jami'ar Hampton, ta yi aiki a ɗakunan sutura na gidajen wasa kafin ta shiga fim a ƙarshen shekarun 1980, sai a 2019 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar a wannan fanni, ta sake ci a 2023. Duba tazarar shekarun nan da kyau.

Ƙofa ta farko makaranta ce. Akwai masu koyar da fannin kai tsaye, irin su London College of Fashion da Wimbledon College of Arts a Ingila, Tisch ta Jami'ar New York da makarantar wasan kwaikwayo ta Yale a Amurka, da NIDA a Ostireliya. Sashen wasan kwaikwayo na kowace jami'a ma hanya ce. Kafin ka biya kuɗi, tambayi abu uku: wasanni nawa ɗalibi ke yi wa sutura da gaske kafin ya gama, ana tura ɗalibai wurin aiki, kuma ina waɗanda suka gama suke yanzu? Babbar ribar makaranta ita ce ɗakin ɗinki da abokan da gobe za su zama daraktoci. Idan sai ka ci bashin da zai danne ka, ka tuna shekarun farko na sana'ar nan ba su da maiƙo.

Ta biyu dandamali ce, kuma ita nake fi ba mutane shawara. Ƙungiyar wasan makaranta ko ta 'yan sa-kai ba ta taɓa ƙin mai guga da allura. A can za ka koyi canjin gaggawa, inda ɗan wasa zai fita ta nan ya dawo ta can cikin ƙasa da minti ɗaya da wata shiga, a cikin duhu. Ana saka riga a ƙarƙashin riga, a ɗinke maɓallai a sama don ado a ɓoye maganaɗisu ko mannau a ciki, a shimfiɗa wando a ƙasa a buɗe yadda zai taka ciki kawai. Za ka koyi barin yadi mai yawa a cikin ɗinki saboda wanda zai gaji rigar, da ƙara ƙyalle a hammatar mai rawa don ya ɗaga hannu rigar ba ta bi shi ba.

Ta uku gidajen hayar sutura. Angels na Landan ya faro ne a 1840 da sayar da gwanjo, Western Costume na Los Angeles tun 1912 yake, Tirelli na birnin Rum tun 1964. Ko ƙaramin gida ne, shekara guda kana jera kaya bisa zamani da awo za ta koya maka tarihin tufafi da hannu, kuma duk masu tsarawa nan suke zuwa neman kaya, su ga fuskarka.

Ta huɗu shiga fim ko talabijin a matsayin ɗan koyo. Wasu ƙasashe na da tsari, kamar ScreenSkills a Birtaniya, amma galibi da baki ake samun aikin. Wanda za ka nema shi ne mai kula da ayyukan yau da kullum na sashen kostum, domin shi ke ɗaukar ma'aikata, mai tsarawa ba shi da wannan lokacin. Saƙonka ya zama gajere: abin da ka iya, inda kake, ranakun da kake da sarari, ko kana tuƙi. Ranakun da ake tara ɗaruruwan 'yan rakiya, wato masu cike taro a bayan manyan 'yan wasa, ana neman ƙarin hannu na kwana ɗaya ko biyu, nan ne yawanci ake fara gwada sabo.

Wanda ya riga ya zama tela, ko marini, ko mai yin huluna da takalma, ya yi rabin tafiya. Abin da ya rage masa shi ne mataki na farko da na uku.

Mataki na biyar: aikin farko

Guga za ka yi, da wanki, da ɗaukar kaya, da liƙa suna a cikin kowace riga, da mayar da abin da aka saya ba a yi amfani da shi ba. 'Yan kostum na cikin masu fara zuwa da masu tashi a ƙarshe, wuni na awa 12 ba abin mamaki ba ne. Jakar ƙugunka kada ta rabu da fil mai kulle, allura da zare baƙi da fari a zare, ƙaramin almakashi, tef mai manne ta fuska biyu, abin cire gashi a jikin tufa, tef ɗin awo da biro.

Babban abin da za a ɗora maka shi ne kwantiniti, wato tabbatar da shigar ɗan wasa ba ta canza ba tsakanin ɗauka da ɗauka. Ɗauki hoto gaba da baya da gefe kafin kowace fitowa, ka rubuta: maɓalli biyu a buɗe, hannun riga naɗi uku, agogo a hagu, jaka a kafaɗar dama. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Ranar da za a ci gaba da fitowar, kowa zai rantse da abin da ya tuna, hotonka ne zai raba gardama.

Sauran duk hali ne. Zo da wuri, ajiye kowane rasit, kada ka ɗora hoton wurin aiki a Instagram, kada ka kai wa darakta shawara ta kan shugabanka. Idan ka ƙona riga, faɗa nan take tun ana iya gyara.

Mataki na shida: tara shaidar aikinka

Wanda ya tsaya a taimako kawai zai tsufa yana taimako. Tsakanin ayyukan kuɗi, karɓi tsara suturar gajerun finafinan ɗalibai, bidiyon waƙa da ƙananan wasanni, inda sunanka ne a kai. Aikin kyauta a yi masa iyaka, kuma ko ba za a biya ka ba, kuɗin yadi da mota ba daga aljihunka za su fito ba. A rubuta tun farko cewa za a ba ka hotuna masu kyau.

A kundinka, aiki biyar ko shida masu ƙarfi sun fi ashirin. Kowanne ya nuna tafiyar: layi biyu kan labarin, hotunan bincike, zane, ƙyallen yadi, hoton gwaji, sannan yadda ya fito a allo. Sa aƙalla ɗaya na kayan yau da kullum, domin yawancin aikin da ake samu na zamani ne, kuma sa mutum ya fito daidai cikin shat da wando ya fi rigar sarauniya wuya. Fayyace abin da kai ka yi a kowane aiki. Duniyar ƙarama ce, wanda ke duba kundin mai yiwuwa ya san wanda ya yi sauran.

Mataki na bakwai: ɗakin gwaji, darakta da kuɗi

A ɗakin gwaji mutum na tsaye gabanka da kayan ciki, sau da yawa yana jin kunyar jikinsa. Nemi izini kafin ka taɓa shi. Kada ka faɗi awo da ƙarfi, kada ya fita daga ɗakin. Idan riga ta matse, laifin riga ne. Tambayi ko ulu ko roba ko wani ƙarfe na sa masa ƙaiƙayi. Sa shi ya zauna, ya durƙusa, ya ɗaga hannu, ya yi duk abin da fitowar ke bukata. Fara da takalmi in da hali, domin yana canza tafiyar mutum, kuma 'yan wasa da yawa daga nan suke kama halin. Ka saurare su, amma ka bambance "wannan mutumin ba zai sa wannan ba" da "ba na yin kyau a ciki".

Da darakta, kai hotuna. Kalma irin "mai sauƙi" ko "na alfarma" kowa da abin da yake gani a ransa. Zauna da mai tsara ɗakuna da mai ɗaukar hoto da mai kwalliya tun da wuri, kada jaruma ta sa shuɗi ta zauna a shuɗiyar kujera ta ɓace.

Kowace sutura ta ɗayan hanya huɗu take zuwa: a ɗinka, a saya, a yi haya, ko a ciro daga ajiya. Zuba kuɗi inda kyamara za ta daɗe, wato daga ƙirji zuwa sama na manyan 'yan wasa, ka tsuke a kan na bayan fage. Lissafa wanki, gyara, kwafi da tarar kayan hayar da suka lalace, sannan ka ware kamar kashi goma cikin ɗari, domin ana canza ɗan wasa ana gobe ɗauka.

Mataki na takwas: hawa

Tsanin dai yawanci haka yake: ɗan koyo, mataimaki, mai tsayawa da 'yan wasa a wurin ɗauka ko mai sayayya, mataimakin mai tsarawa, sannan mai tsarawa. Zama na hannun daman gwani na wasu shekaru shi ne karatun da babu makarantar da ke bayarwa, a nan za ka ga yadda ake cewa a'a ga furodusa ba tare da an ɓata ba. Wasu a hanya suke gane cewa yanka, ko rini, ko kula da sashe ya fi dacewa da su, kuma gwanin yanka sau da yawa ya fi mai tsarawa samun aiki a kai a kai.

Kusan kowa a harkar aikin kwantiragi yake yi, wata uku ba barci, wata biyu waya shiru. Ajiye wani abu daga kowane biya, ka san dokar harajin inda kake. Inda akwai ƙungiya, nemi sharuɗɗan shiga: a Amurka akwai Costume Designers Guild da aka kafa a 1953, a Birtaniya akwai Bectu. Kafin ka taɓa almakashi a kowane aiki, a rubuta kuɗinka da ranakun biya, makonnin shiri kafin ɗauka, yawan mataimakan da za a ba ka, yadda za a rubuta sunanka, wanda ya mallaki zanen, da wanda zai biya idan kayan haya suka ɓata.